Tseren Alli da Pantalon Aro

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da Baba Namata ya zo ganin aikina ba, kuma ko na so in manta, mutanen Gaya ba za su bari ba. Har yau in na bi ta bakin kasuwa, akwai tsohuwar da za ta sunkuyar da kai ta ciji bakin mayafinta, kafaɗunta na rawa. Na san abin da ta tuna, don ni ma shi nake tunawa.

A lokacin Nasara bai daɗe da kafa barikinsa a garinmu ba. Lekol ɗin da ya buɗe, wato makarantar boko, rumfar zana ce da ginshiƙan giginya, tana kallon kogi. Ni ne mushen ƙananan yara, wato malaminsu. Ɗan gari ne ni, an kai ni Dosso na yi ɗan karatu, aka dawo da ni gemu bai fito ba, amma ina tafiya kamar wanda ya haddace duniya. Yaran kuwa sarakunan ƙauyuka ke taro su, wasu daga Tanda, wasu daga Bana, wasu na cikin gari, kuma babu wanda uwarsa ta yi guɗa ranar da aka kawo shi. Kayan aikinmu baƙin allo ɗaya ne. Alli daga Dosso ake aiko shi, ana ba ni sanda ɗaya ɗaya kamar maganin ciwon ido.

Sai in faɗa muku cutata tun yanzu. Kukun kumandan bariki yakan kwaso tsofaffin littattafan soyayya da madam matar kumandan ta gama da su, ya kai wa mata a kasuwa suna ƙunshe ƙosai da shafukansu. Ni kuma ina bi ina cetowa. A cikinsu na yi makarantar zuciya. Akwai jarumai masu takobi, akwai 'yan mata masu suma in an kalle su, akwai farin wata da ke fitowa daidai lokacin da ake bukatarsa. (Shafukan ƙarshe su ake fara yagewa, shi ya sa ban taɓa sanin yadda jaruman nan ke ƙarewa ba. Da na sani, da wataƙila na yi hankali.)

Da wannan kai na ga Bibata. Tana saukowa daga jirgin ubanta da tiren soyayyen kifi a ka, rana na wasa a ruwa bayanta, ni kuwa na tsaya a gaɓa da baki buɗe har ƙuda ya leƙa. Ƙanenta Idi yana ajina, ɗan tsiriri mai manyan idanu, ita ke kawo masa abinci da hantsi. Na fara gaya mata maganganun da na fassaro daga littattafai. Na ce mata idanunta fitilu ne a daren rayuwata, ta ce in dai fitila nake so akwai mai sayarwa kusa da rumfar mahauta. Amma ba ta daina zuwa ba, kuma kifin da take ajiye min a gefen tire kullum shi ne mai tsoka. Da na tura kawuna wajen ubanta, ita da kanta ta raka shi har ƙofar gida.

Uban nata, Baba Namata, Basarke ne, wato masunci, mai manyan jirage, mutum mai faɗin ƙirji da ƙarancin magana. Bai ce a'a ba, bai ce to ba. Ya gaya wa kawu cewa ya san aikin manomi don ya ga rumbu, ya san na masunci don ya ga koma cike, amma bai san abin da mushe ke kaiwa gida ba. Zai zo lekol da ƙafarsa ya gani. In abin da ya gani aiki ne, zai ba ni ɗiyarsa. In wasa ne, in nemi wata.

Ban ji tsoro ba ko kaɗan, domin ina da abin nunawa. Ina da Tseren Alli.

Ga yadda abin ya samo asali. Da na fara aiki, yaran nan zama suke yi kamar buhunan gero. In na tambaya, shiru. In na juya baya, gyangyaɗi. Sai na karanta a wani yagaggen littafi yadda jarumai ke gasa a fili, sarauniya na kallo daga bene, wanda ya yi nasara a ɗora masa kambi. Na ce yauwa, abin da yaran Gaya suka rasa ke nan. Na tsallaka kogi na sayo usur wajen wani Bayarabe, na saƙa kambi da kaba, na kafa doka. Yara za su jeru a gindin tsamiyar da ke bayan rumfa. Ni zan tsaya gaban allo da alli a hannu. In na busa usur, wanda ya riga ƙwace allin shi ne Jarumin Alli, shi zai sa kambi, shi zai yi rubutu.

Jama'a, abin ya karɓu. Yaran da ake jawowa da igiya suka koma zuwa tun kafin in karya kumallo. Da yamma sai ka gan su a rairayin bakin kogi suna gwajin gudu. Wani ya ɗauro laya a idon ƙafa. Wani ɗan Tanda ya daina cin tuwon safe wai don ya yi sauƙi. Wanda ya fi kowa shi ne Arzika, wani dogon yaro daga Bana mai ƙafafu kamar na zalɓe. Kambin nan har ya ɗauki siffar kansa.

Rubutun fa? To, ai kun san in an yi tsere sai an yi gardama. Wannan ya ce an taɗe shi, wancan ya ce an ja masa riga, a yi kuka, in yi shari'a, a sake tseren. Kafin a gama rana ta take. Sai Jarumi ya je allo ya ja wani dogon layi, mu tafa masa, a tashi. Ni dai kowace safiya nakan rubuta haruffa a saman allo da kyakkyawan hannuna, don wanda ya leƙo ya san lekol ce, amma ban tuna ranar da na samu sukunin komawa kansu ba.

Ƙananan cikinsu, irin su Idi, da aka tattake su sau da yawa sai suka haƙura. In an busa usur sukan ja gefe su zauna a rairayi bayan rumfa. Na ɗauka ragwanci ne. Nakan dube su da tausayi in ce a raina, ba kowa aka haifa da jinin jarumta ba. Wata rana Bibata ta tambaye ni, wai Idi ya ce gudu ake yi a lekol, to me suka koya? Na dafa ƙirji na ce mata ɗaukaka suke koya. Ta dube ni, ta dubi kifinta, ta ɗauki tire ta tafi.

Da ranar ta matso sai na ga babbar riga ba ta dace da jarumi ba. A littattafan duk pantalo suke sawa. Na je wajen akawun bariki, wani mutumin Dahome mai kirki da tumbi, na aro nasa fari. Mutum biyu irina za su shiga ciki su yi hira. Na tattare ƙugun na ɗaure da igiyar kaba, na rufe ɗaurin da 'yar shara. Abin da ya fi sace min zuciya aljihu ne. Wandon gidanmu ba shi da aljihu, wannan kuwa har biyu. Da safe na tara yara na nuna musu. Na ɗaga allin sama, na zura shi a aljihun dama a hankali, na ciro, na sake zurawa. Suka yi ta mamaki. (Ku riƙe wannan. Ni da hannuna na nuna wa yara masu yunwar alli inda alli yake.)

Shirina mai kyau ne. Za a yi gaisuwa, a yi waƙa, sannan in miƙe in ɗaga alli sama kamar takobi, Bibata na kallo, iska na kaɗa pantalo. Har na yi 'yar dabara, na tsayar da Idi a gaban layi, na tura Arzika can baya, ko Allah zai sa ƙanen amarya ya sa kambi a gaban ubansa.

Na zaci Baba Namata zai zo shi kaɗai ko da mutum ɗaya. Sai ga shi da ƙannensa, da matan gidansu, da 'yan jirginsa, Bibata a baya da tire a ka. Matan kasuwa suka ga ayari suka biyo. Innata ma, Inna Kulu, ta saki dakanta ta taho ganin ɗanta zai yi abin kirki. Aka kewaye rumfa. Yara na jere a gindin tsamiya, kowa ya sa ƙafa ɗaya gaba, suna huci kamar dawaki.

Kun san yadda ake gaida suruki a wajenmu, ko da bai zama surukin ba tukuna. Ba ka tsayawa, ba ka kallon fuskarsa, ba ka tsawaita magana. Takalmi a gefe, ka tsuguna, idonka a ƙasa, duk abin da ya ce amsarsa to Baba. Haka na yi. Na tsuguna a gabansa, pantalo ya taru a ƙasa kamar tanti, usur na lilo a wuyana yana ƙyalli.

Muka gaisa, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya. Na ga yatsansa ya sauko ta gaban idona.

"Mushe, wannan ɗan ƙarfen fa, na mi ne?"

Na ce usur ne, Baba. Ya ce in ba shi ya gani. Na ciro na miƙa da hannu biyu. Ya jujjuya shi, ya ce wa ƙanensa irin wannan zai yi daɗin kiran jirgi daga tsallake. Na ga inuwar hannunsa a ƙasa tana tafiya wajen bakinsa.

Na san abin da zai faru. Wallahi na sani. Kalma uku kawai ake bukata, kada ka busa. Amma wane ɗan mutunci ne zai ce wa uban yarinyar da yake nema kada ka, a gaban ƙannensa da matansa? Na buɗe baki na ce wa rairayi, "Baba, shi dai wannan ɗin..."

Ya busa. Da huhun mutumin da ya saba kiran jirgi daga wancan gaɓa ya busa.

Na ji ƙasa na rawa kafin in ga komai. Na ɗago kai a karo na farko a gaban surukina, sai na hango ƙura, a cikin ƙurar ga gwiwoyin Arzika suna tahowa, ya riga ya tsallake layin gaba ɗaya. Yaran ba su ga Baba Namata ba, ba su ga taro ba. Aljihun dama suka gani. Da ina tsaye da wataƙila na gudu. A tsugune nake, cikin ladabi.

Suka same ni kamar yadda ambaliya ke samun bukka. Na faɗi rigingine. Hannu a aljihu, hannu a kan hannu, wani ya kama ƙafar pantalo yana ja don ya janye na gabansa, wani ya kama ɗaya ƙafar. Ina ihu da Faransanci, ina ihu da Hausa, har Dandanci na yi. Sai na ji wani ɗan ƙaramin sauti a ƙuguna, ɗas. Igiyar kaba ce ta gama aikinta.

Pantalo bai yi gardama ba, don dama ba nawa ba ne. Ya zare a jikina salin alin. Ina kwance na ga wandon akawu ya nufi allo a guje da yara a kowane gefe, ƙafafunsa na kaɗawa a iska. Iskar da na yi mafarkin za ta kaɗa shi ta kaɗa shi ɗin, sai dai ba na ciki.

Aka yi tsit. Na dubi kaina. 'Yar shara iyakarta cibiya. Daga nan sai ɗan banten da Inna ta ɗinka min da tsohon zanenta, ja mai manyan furanni rawaya, zanen da duk matan Gaya suka sani don ta yi shekaru tana zuwa biki da shi.

Wata tsohuwa ta leƙo ta kan kafaɗar mutane ta ce, "Kulu, wancan ba zanenki ba ne?"

Innata ba ta ko ƙifta ido ba. Ta ce, "Shi ne. Ragowar na yi matashin kai da shi."

Nan wuri ya fashe. Mata suka zube a kan juna. 'Yan jirgi suka riƙa dukan cinya. Wani ya tafi ya rungumi tsamiya yana shessheƙa. A littattafaina, a irin wannan lokaci jarumi suma yake yi ko ƙasa ta buɗe. Na rufe ido na jira. Ƙasar Gaya ba ta karanta littafin ba.

Sai na ji wani abu ya faɗo min a ciki. Bibata ce ta sauke tire, ta warware gammonta ta jefo min, fuskarta a juye, kafaɗunta na rawa. Jarumai ƙyallen alharini mai turare ake jefa musu. Ni tsumman gammo na samu mai ƙarnin kifi, kuma ban taɓa karɓar kyautar da ta kai shi daraja ba. Na ɗaura na miƙe.

Na ɗauka kunyar ta ƙare, ashe sallama kawai ta yi. Arzika yana gaban allo, kambi a ka, alli a hannu ɗaya, yagaggen aljihu a ɗaya hannun. Baba Namata ya share hawayen dariya da bakin rigarsa, ya tako har wajensa.

"To, Mushe, ya samu. Sai mi?"

Na ce sai ya yi rubutu, Baba. Ya ce to ya yi. Arzika ya ja dogon layinsa daga wannan gefe zuwa wancan, ya juyo yana jiran tafi. Baba ya tambaye shi me layin ya ce. Yaro ya ce ai shi ne na ɗaya. Baba ya ce ya ji, amma me aka rubuta? Arzika ya dube ni, na dubi ginshiƙi. Na roƙe shi da ido ya yi ko harafi ɗaya daga waɗanda ke saman allo. Ya ɗaga allin, ya sauke. Dariyar mutane ta lafa, kuma shirun nan ya fi min dariyar zafi.

Baba Namata ya ce a hankali, "Ni ban san lekol ba. Amma in gudu ake koyarwa, ina da akuya a gida da ta fi su duka."

Ya juya zai tafi. Na ga Bibata na tafiya daga rayuwata da tirenta, har na fara tsara yadda zan tsufa ni kaɗai a bakin kogi ina kallon jirage. Ita kuwa ba ta motsa ba. Ta ce, "Baba, ina Idi?"

Babu shi a cikin masu tseren. Duk da na sa shi a gaba, da aka busa usur sai ya ja gefe yadda ya saba. Muka zagaya bayan rumfa, taro na biye da mu. Ga su nan, ƙananan da na kira ragwaye, sun yi da'ira a rairayi, kowa da ɗan tsinke. Ƙasar wurin cike take da haruffa. Wasu a karkace, wasu sun juya baya, wani ma a kwance yake kamar yana barci, amma haruffa ne, waɗanda nake rubutawa a saman allo don ado. Ta ramin zana suke leƙowa suna kwafa. In ɗaya ya gane yadda ake yin wani sai ya nuna wa saura, sunan harafin kuma su tsinta daga bakina in ina rubutawa ina faɗa wa kaina.

Baba ya tambayi ɗansa wane ne na ɗaya a cikinsu. Idi bai gane tambayar ba. Can ya ce, "Baba, mu ba mu da na ɗaya. Tsinke da yawa ne."

Tsohon ya tsuguna, shi da ake tsuguna wa. Ya ce a rubuta masa sunansa. Idi ya yi harafin farko da na biyu ya tsaya. Wani ɗan Tanda ya karɓa ya yi na uku, wani ya ƙara na huɗu. A na biyar suka maƙale gaba ɗaya. Suka yi shawara, suka gwada, suka share. Sannan duk suka ɗago suka dube ni.

Na durƙusa a cikinsu da gammona. Na ja layi tsaye da yatsa, na ɗora masa wani a ka, na faɗi sunansa. Suka maimaita, kowa ya yi nasa a gabansa, Idi ya ƙarasa na ƙarshe. Ina jin wannan ne karon farko da na koyar da wani abu tun da na sayi usur, kuma na yi shi ba wando.

Baba Namata ya daɗe yana kallon sunansa a ƙasa. Ya hana 'yan jirginsa takawa. Da ya miƙe ya ce, "Wannan na gani, aiki ne. In ruwa ya janye ka turo kawunka. Amma kafin nan dogon nan mai kambi ya iya rubuta sunansa. Kuma ka zo da wandonka na kanka."

Na ce to Baba. Na miƙa hannu biyu ko zai mayar min da usur. Ya rataya shi a wuyansa ya wuce.

Washegari na kakkarya sandar alli ƙanana ƙanana, kowa ya samu ɗan guntu kamar ƙwayar gyaɗa, in ya ƙare a koma tsinke. Kambin wata akuya ta cinye. (Ban bincika ko ta Baba ce ba.) Arzika ya yi fushi, ya yi kuka, ya ƙi magana da kowa. Daga baya na gan shi ya naɗe dogayen ƙafafunsa a cikin da'irar ƙanana, Idi na riƙe da yatsansa. Ya rubuta sunansa tun ruwa bai gama janyewa ba, kuma da ya gama bai jira tafi ba, sai ya tambaya yadda ake rubuta sunan uwarsa. Pantalon akawu kuwa Inna ta ɗinka masa sabon aljihu ja mai fure rawaya. Ta farke matashin.

Abin da na koya bai da yawa. In ka nuna wa yara cewa abu ɗaya ne kawai kuma na mai ƙafa ne, ƙafa za su koya, kuma duk abin da ya tsaya tsakaninsu da shi za su tuɓe shi, ko da malaminsu ne. Yanzu in jikokinmu suka dawo daga lekol suna faɗan wa ya zo na ɗaya, nakan tambaye su abin da suka iya yau wanda ba su iya jiya ba. Bibata kuma takan ce daga bakin murhu su tambayi kakansu, shi ma ya taɓa zama na ɗaya a Gaya, ta ƙi faɗin a wane fanni.

Usur ɗin yana nan wajen jikokin Baba Namata, da shi suke kiran jirgi daga tsallake. Ko a masallaci na jiyo shi, sai na ji hannuna ya kai kan mazagin wandona. Mazagi biyu nake sawa.